Fashin Baƙi a kan Shekarar 1492: Daga Faɗuwar Garnaɗa zuwa Mutuwar Sonni Ali

Wanda ya ɗauko jerin abubuwan da suka faru a shekarar 1492 miladiyya zai same su a baje kamar kayan ɗan koli: nan an ci gari da yaƙi, can wani attajiri ya mutu, jirage uku sun shiga teku, an naɗa sabon Fafaroma, dutse ya faɗo daga sama a gonar alkama. Jerin ba ya faɗa maka wanne ne ya haifi wanne. Alhali manya-manyan abubuwan da ke ciki daga hannun mutum biyu suka fito, Sarki Fadinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastil, kuma duk a birni ɗaya da sansanin yaƙin da ke bakinsa. Cikin ƙasa da wata biyar suka sa hannu a takardu uku. Ta farko alkawari ce ga Musulmin Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a kudancin Sifaniya, ta biyu umarnin korar Yahudawa, ta uku yarjejeniya da wani matuƙin jirgi ɗan Jenowa, Kiristofa Kolombus. Wanda ya gane wacce aka cika, wacce aka saɓa, ya gane shekarar.

Kafin a shiga ciki, akwai maganar kwanan wata, domin nan ne ake yawan tafka kuskure. Turai a lokacin tana kan tsohuwar kalandar Yuliyos, wadda sai a 1582 aka gyara ta. A ƙarni na 15 tazarar da ke tsakaninta da kalandar yau kwana 9 ce, saboda haka 12 ga Oktoba da ake cewa Kolombus ya isa tsibiran Amurka, a lissafinmu na yanzu 21 ga Oktoba ne. Sannan ba kowane gari ne ke fara shekara a Janairu ba. Mutanen Filorens 25 ga Maris suke shiga sabuwar shekara, mutanen Benis kuma 1 ga Maris. Wasiƙar da ɗan Filorens ya rubuta wa kwanan watan Fabrairu 1491, a wurinmu ta Fabrairun 1492 ce. A lissafin hijira kuwa, yawancin shekarar ta faɗa cikin 897, sai a ƙarshen Oktoba aka shiga 898. Duk ranakun da za su biyo baya a nan na tsohuwar kalandar ne, kamar yadda littattafan tarihi suka saba kawo su.

Garnaɗa

Ranar 2 ga Janairu, daidai da 2 ga Rabi'ul Awwal 897, Abu Abdullahi Muhammad na 12, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa makullan Alhamra, fadar sarakunan Garnaɗa. Da wannan mulkin Musulmi a Andalus, wanda ya fara a 711, ya ƙare bayan shekara 781.

Ba a rana ɗaya aka kai ga nan ba. Yaƙin shekara goma ne, daga 1482 da Kiristoci suka kama garin Alhama, kuma abubuwa uku suka kayar da daular Banu Nasr, gidan sarautar Garnaɗa. Na farko rikicin cikin gida. Sarki Abul Hasan Ali, da ƙanensa da ake kira Az-Zaghal, da ɗansa Abu Abdullahi, kowa na neman gadon sarautar. A 1483 aka kama Abu Abdullahi a yaƙin Lusena, Fadinan bai kashe shi ba, sai ya sake shi a kan zai yi masa mubaya'a, don ya san komawarsa gida ta fi runduna guda amfani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu igwa. Garuruwan Garnaɗa a kan duwatsu suke, da ganuwar da a dā sai an yi wata da watanni ana zaune a gindinta. Isabela ta ɗauko ƙwararrun masu igwa daga Faransa da Jamus da Italiya, aka riƙa fasa hanyoyi a tsaunuka ana jan manyan igwogi da shanu, ganuwar da aka gina don kibiya da tsani ta riƙa zubewa cikin kwanaki. Na uku kuɗi: Fafaroma ya ba su izinin karɓar kuɗin yaƙin addini daga mabiya, suka ci bashi, suka ɗora wa Yahudawa da Musulmin da ke ƙarƙashinsu haraji na musamman.

Malaga, babbar tashar jirgin daular, ta faɗi a 1487, aka mai da yawancin mutanenta bayi don sauran garuruwa su ga aya. Baza da Almeriya da Wadi Ash suka bi a ƙarshen 1489. An aika neman agaji wurin Sultan Ƙaitbai na Masar, amma shi a lokacin yaƙi yake da Daular Usmaniyya, abin da ya iya bai wuce aika saƙon gargaɗi ba. A 1491 Kiristoci suka kafa sansani a filin da ke gaban birnin, suka gina shi da dutse da ƙasa ya zama gari sosai, suka sa masa suna Santa Fe. Mutanen Garnaɗa na tsaye a kan ganuwa suna kallon ginin na tashi, suka san waɗannan ba masu komawa gida da shigowar sanyi ba ne.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 25 ga Nuwamba 1491 tana da sauƙi ƙwarai idan aka karanta ta. Musulmi za su riƙe masallatansu da dukiyar waƙafi, alƙalansu za su yi musu shari'a da dokarsu, ba za a tilasta wa kowa barin addini ba, ba za a sa su ɗaura wata alama a tufafi ba, wanda ke son ƙetarawa Afirka ta Arewa za a ba shi jirgi kyauta har shekara uku. Har da sharaɗin cewa Kiristan da ya musulunta ba za a matsa masa ya koma ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙofar da aka bi aka rushe sauran. Babban limamin coci na farko a Garnaɗa, Hernando de Talabera, mutum ne mai bi sannu, har ya sa limamansa koyon Larabci. Amma a 1499 Sisneros, babban limamin cocin Toledo, ya zo, ya fara da tubabbun nan da 'ya'yansu, yana cewa tun asali na coci ne. Unguwar Albayyazin ta yi bore a Disamba, ƙauyukan tsaunukan Alfujarra suka biyo baya, sarakunan suka ce ai boren ya warware alkawari. Aka tara littattafan Larabci a dandalin Babur Ramla aka cinna musu wuta, aka ware na likitanci kawai. A Fabrairun 1502 aka ce wa duk Musulmin Kastil ko baftisma ko hijira. Alkawarin da aka rubuta da sunan har abada bai cika shekara goma ba, kuma wannan cin amana ne, ko ta wane gefe mutum ya kalle shi. Jikokin waɗanda suka karɓi baftismar ma ba su tsira ba: tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin 300,000 daga cikinsu.

Takardar da aka cika har ƙarshenta

Ranar 31 ga Maris, a Garnaɗa, aka sa hannu a dokar korar Yahudawa. An yi shelarta a ƙarshen Afrilu, wa'adin kuma ƙarshen Yuli, ke nan wata uku kacal mutum ke da shi ya tattara rayuwar da kakanninsa suka yi fiye da shekara dubu suna ginawa. Dalilin da dokar ta bayar shi ne Yahudawa na janye 'yan uwansu da suka shiga Kiristanci su koma tsohon addini a ɓoye. Wannan ita ce hujjar kotun binciken aƙida da aka kafa a 1478, wadda Tomas de Torkemada ke shugabanta.

Abin da ya fi cutarwa yana cikin ƙananan sharuɗɗan. An yarda mutum ya sayar da kayansa, amma an hana fita da zinariya da azurfa da tsabar kuɗi. Sai dai ya fita da haja ko takardar karɓar kuɗi a wani gari. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan dubban mutane suka fito da gidaje kasuwa rana ɗaya, kuma mai saye ya san ranar da dole su tashi. Wani limamin coci da ya gani da idonsa, Andres Bernaldes, ya rubuta cewa ana ba da gida a karɓi jaki, ana ba da gonar inabi a karɓi ɗan ƙyalle. Bashin da suke bin mutane kuwa, yawancinsa ya bi ruwa.

Manyan al'ummar sun rabu biyu. Abraham Senior, tsoho mai tara wa sarauta haraji, ya karɓi baftisma a watan Yuni. Ishaƙ Abrabanel, malami kuma ma'ajin da ya ba sarakunan rance lokacin yaƙi, ya ƙi, ya tafi Nafoli. Ƙiyasin masana na yau a kan waɗanda suka fita yana tsakanin 40,000 da sama da 100,000. Da yawa sun bi ƙafa zuwa Fotugal, inda Sarki Juwan na 2 ya karɓi kuɗi a kan kowane kai don zaman wata takwas, kuma a 1497 can ma aka tilasta musu baftisma. Wasu sun ƙetara zuwa Fas ta ƙasar Maroko. Waɗanda suka fi dacewa su ne suka isa ƙasar Sultan Bayazid na 2, wanda ya buɗe musu Istambul da Salonika, har Salonika ta zama ɗaya daga manyan biranen Yahudawa a duniya, jikokinsu na magana da tsohon Sifaniyanci ƙarni bayan ƙarni.

Lissafin da ya kuskure

Kiristofa Kolombus ya yi shekaru yana yawo da shirinsa fada-fada. Masanan Fotugal sun ƙi shi, kwamitin masanan Kastil ma ya ƙi shi, kuma su ke da gaskiya. Labarin da ake yaɗawa cewa sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce ba shi da tushe. Duk mai ilimi a lokacin ya san ƙwallo ce. Gardamar a kan girmanta take.

Ga inda ya zame. Ya ɗauki awon Al-Fargani, masanin taurari na Bagadaza a ƙarni na 9, wanda ya ce digiri ɗaya na kewayen duniya mil 56 da biyu bisa uku ne. Awon na kusa da daidai, amma da mil ɗin Larabawa aka yi shi, mai tsawon kusan kilomita 2. Kolombus ya karanta shi da mil ɗin Rumawa, wanda bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Nan take duniya ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Sai ya ƙara da miƙa nahiyar Asiya gabas fiye da yadda take, ya kuma ajiye Jafan can nesa da gaɓar Sin. Da ya haɗa, ya samu cewa daga tsibiran Kanari zuwa Jafan kimanin kilomita 4,400 ne. Ainihin nisan ya haura kilomita 19,000. Babu jirgin wancan zamani da zai iya ɗaukar ruwan sha da abincin wannan tafiya. Da babu nahiyar Amurka a tsakani, da ƙishirwa ta kashe su gaba ɗaya.

To me ya sa aka yarda a 1492? Saboda yaƙi ya ƙare, kuma Fotugal ta yi musu nisa. Yarjejeniyar Alkasobas ta 1479 ta bar wa Fotugal duk tekun da ke kudu da Kanari. A 1482 'yan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a gaɓar ƙasar Gana ta yau, suna kwasar zinariyar Akan ta teku, zinariyar da a dā wani kasonta ke bin ayarin Wangarawa zuwa Jenne da Tumbutu ta ƙetare Sahara. Kolombus da kansa ya taɓa zuwa Elmina a jirgin Fotugal. A 1488 Bartolomeyu Diyas ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka. Hanyar kudu ta rufe wa Kastil, yamma kaɗai ta rage. Kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba: kimanin marabedi (kuɗin Kastil) miliyan 2, wanda ma'ajin Fadinan, Luwis de Santanhel, ya samo fiye da rabinsa rance. Garin Falos kuma dama akwai tarar da ke kansa ta ba sarauta jirage biyu.

Ranar 17 ga Afrilu aka sa hannu a Santa Fe. Za a ba shi muƙamin babban kwamandan teku na gado, da gwamnan duk ƙasar da ya gano, da kashi ɗaya cikin goma na dukiyar da aka samu, da damar zuba kashi ɗaya cikin takwas na jari ya ɗauki ɗaya cikin takwas na riba. An yi masa wannan kyauta ne da hannu sake domin ba a sa ran za a biya ta.

Jirage uku suka tashi daga Falos ranar 3 ga Agusta da mutum kimanin 90: Santa Mariya, babbar, da ƙananan biyu, Pinta da Ninya, a hannun 'yan uwa biyu na gidan Pinson. Kwana kaɗan da tashi katakon da ake juya Pinta da shi ya ɓalle, dole aka tsaya gyara a Kanari kusan wata guda. A nan aka canza wa Ninya ƙyallayen iskarta daga masu kusurwa uku zuwa masu kusurwa huɗu, domin masu huɗun sun fi kama iskar da ke bugowa daga baya. Wannan shi ne ainihin gwanintar Kolombus, ba lissafi ba. Ya san cewa daga Kanari iska na kaɗawa daga arewa maso gabas zuwa yamma ba fashi, kuma da zai dawo sai ya hau arewa ya kama wadda ke kaɗawa gabas. Hanyar nan ta zuwa da dawowa ita jiragen Sifaniya suka bi har shekaru ɗari uku.

Ranar 6 ga Satumba suka bar tsibirin Gomera. Kayan aikinsu kamfas ne da agogon yashi mai ƙarewa duk rabin sa'a, yaro na tsaye yana juya shi dare da rana. Matuƙi ya dubi kumfar ruwa ya ƙiyasta gudu, ya ninka da sa'o'i, ya soka tsinke a taswira. Idan yaron ya yi gyangyaɗi, ko ya juya agogon kafin yashi ya ƙare don aikinsa ya yi saurin wucewa, kuskuren ya shiga lissafi ke nan, kuma kullum taruwa yake. Ranar 7 ga Oktoba suka ga garken tsuntsaye na tafiya kudu maso yamma, suka karkata suka bi su. Ranar 10 ga wata ma'aikata suka fara gunaguni a fili. Da misalin ƙarfe 2 na daren 12 ga wata wani ma'aikacin Pinta, Rodrigo de Triyana, ya hango farin yashi a hasken wata. An yi alkawarin ladan marabedi 10,000 duk shekara ga wanda ya fara ganin ƙasa. Kolombus ya ce shi ya riga ganin wani haske da daddare, ya karɓe.

Tsibirin na cikin Bahamas, mutanensa 'yan ƙabilar Taino na kiran sa Guwanahani. Tafintan da aka zo da shi, Luwis de Tores, Bayahude ne da ya karɓi baftisma dab da tafiya, an ɗauke shi don ya iya Ibrananci da ɗan Larabci, a zaton za a yi magana da fadawan sarkin Sin. A rubutunsa na ranar farko Kolombus ya yaba kyawun halin mutanen, a wuri guda kuma ya ce za su yi daɗin bauta, ya kama wasu ya tafi da su. Sun taɓa Kuba a ƙarshen Oktoba, suka isa Hisfaniyola a farkon Disamba. Daren Kirsimeti, matuƙin Santa Mariya ya bar wa yaro akala ya je ya kwanta, jirgin ya hau kan murjani ya fashe. Da katakonsa aka gina ɗan sansani aka bar mutum 39. Da aka dawo bayan shekara ba a sami ko ɗaya da rai ba.

Takardarsa ma ba a cika ta duka ba: a 1500 aka tuɓe shi daga gwamna aka mai da shi Sifaniya da mari a ƙafa. Amma abin da ya buɗe bai rufu ba. A tafiya ta biyu, 1493, aka kai rake. Aikin tilas da cututtukan da ba su saba da su ba suka cinye Taino cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba, kuma a 1518 sarautar Sifaniya ta ba da lasisin ɗauko bayi kai tsaye daga Afirka.

Italiya ta rasa mai riƙe da igiya

A idon mutanen Italiya, cibiyar wannan zamani na farfaɗowar ilimi da zane, babban labarin shekarar ba na teku ba ne. Mutuwar Lorenzo de Medici ce, ranar 8 ga Afrilu, a gidansa na Kareji, yana da shekara 43, bayan doguwar jinyar ciwon gaɓoɓi da ya gada. Ba sarki ba ne, ba shi da rawani. Ɗan gidan masu banki ne da ke juya jamhuriyar Filorens ta bayan fage. Tun sulhun Lodi na 1454 manyan ƙasashe biyar, Milan da Benis da Filorens da Nafoli da ƙasar Fafaroma, ke zaman kowa na tsoron kowa, Lorenzo kuma shi ne mai shiga tsakani. A gidansa wani saurayi ɗan shekara 17, Mikelanjelo, ke cin abinci yana koyon sassaƙa. Bankin gidan dai ya riga ya fara durƙushewa, rassansa na Landan da Buruj sun rufe saboda bashin da sarakuna suka ci suka ƙi biya. Ɗansa Piyero ya gaji matsayin bai gaji dabarar ba. A Nuwambar wannan shekara Sarkin Faransa Shal na 8 ya yi sulhun Etaful da Henri na 7 na Ingila, ya yarda zai riƙa biyan sa kuɗi don ya sami sararin fuskantar kudu. A 1494 ya shigo Italiya da igwoginsa, aka kori gidan Medici, aka shiga yaƙe-yaƙen da ba su lafa ba sai 1559.

Fafaroma Inosen na 8 ya mutu 25 ga Yuli. Shi ne ke tsare da Jem, ƙanen Sultan Bayazid, Sultan na biyan sa dukat (tsabar zinariya) 40,000 duk shekara don kada ya sake shi ya zo neman sarauta. Kadinal 23, wato manyan limaman da ke zaɓen Fafaroma, suka shiga zaɓe, ranar 11 ga Agusta suka fito da Rodrigo Borjiya, wanda ya ɗauki sunan Iskandar na 6, ana ta zargin ya sayi ƙuri'u da alkawarin muƙamai da gidaje. Abin lura shi ne asalinsa: mutumin yankin Balensiya ne, talakan Fadinan. Da Kolombus ya dawo a Maris 1493, cikin wata biyu Fafaroman ya fitar da takardar ba Kastil ƙasashen yamma, wadda ta kai ga yarjejeniyar Tordesiyas ta 1494 da ta raba tekun tsakaninta da Fotugal.

Ranar 12 ga Oktoba, ranar da aka taka yashin Guwanahani, aka rubuta mutuwar mai zane Piyero della Faranceska a garinsu Sansefolkoro. Shi ne ya zauna ya rubuta da lissafi yadda ake nuna nisa da zurfi a kan shimfiɗaɗɗen bango.

Sauran abubuwan shekarar a taƙaice. A Salamanka, cikin Agusta, Antoniyo de Nebriha ya buga nahawun harshen Kastil, na farko da aka ɗab'a na wani harshen Turai da ake magana da shi a kasuwa, ya kuma faɗa wa Isabela a gabatarwa cewa harshe abokin tafiyar mulki ne. A Nurembag Martin Behaim ya gama ƙwallon taswirar duniya mafi tsufa da ya rage har yau, babu Amurka a jikinsa, teku ne kawai da tsibirai tsakanin Turai da Jafan, wato duniyar da ke cikin kan Kolombus. Sarkin Folan Kasimir na 4 ya mutu a Yuni. A Rasha, lissafin cocinsu ya nuna shekara 7,000 da halitta ta cika, mutane da yawa suka zauna jiran tashin duniya. Ranar 7 ga Nuwamba dutse mai nauyin kilo 127 ya faɗo daga sama a Ensishaim, cikin Faransa ta yau, aka ɗaure shi a coci. A Herat, cikin Nuwamba, babban mawaƙin Farisanci kuma sufin Naƙshabandiyya, Abdurrahman Jami, ya rasu. A Disamba wani mutum ya sari Fadinan a wuya a Barsalona, sarƙar zinariyar da ke wuyansa ta tare.

Haihuwa ta fi mutuwa wuyar tabbatarwa, domin babba ake rubuta wa ranar mutuwa, jariri kuwa ba wanda ya san abin da zai zama, kuma sai a 1563 cocin Katolika ta wajabta rajistar baftisma ko'ina. Shi ya sa masanin nan Huwan Luwis Bibes, ɗan gidan Yahudawan Balensiya da suka tuba, wasu littattafai ke sa shi a 1492, wasu 1493. Waɗanda aka tabbatar 'ya'yan manya ne: Margarit ta Nabar, 11 ga Afrilu, marubuciya, yayar Sarkin Faransa Faransuwa na 1 kuma kakar Henri na 4, da jikan Lorenzo mai sunansa, 12 ga Satumba, wanda Makiyabeli ya sadaukar wa littafinsa na dabarun mulki. Marubuci mai kaifin harshe Piyetro Aretino ma a Afrilun shekarar aka haife shi.

Ƙasar Sudan

Jerin da Turawa ke rubutawa ba kasafai yake sauko da ido kudu da Sahara ba, alhali mutuwar da ta fi shafar wannan yanki a shekarar nan ta faru. A Nuwamba, cikin Muharram 898, Sonni Ali na Songhai ya mutu a hanyar dawowa daga yaƙi a Gurma. Marubutan Tumbutu sun ce ruwa ne ya ci shi. Tun 1464 yake mulki, ya ƙwace Tumbutu da Jenne, ya mallake kogin Kwara da rundunar jiragen ruwa. Malaman Tumbutu ba su yafe masa wulaƙancin da ya yi musu ba, kuma su ne suka rubuta tarihinsa, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciya. Ɗansa Sonni Baru bai yi wata shida ba, babban kwamanda Muhammadu ya kayar da shi a 1493, ya kafa gidan Askiya.

A daidai wannan tsakani Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya baro Tuwat, a saharar Aljeriya ta yau, inda ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit duk da cewa alƙalin yankin da wasu malamai sun saɓa masa. Ya biyo ta Ayar ya shigo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya zauna Katsina, daga baya ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Waɗannan amsoshi su ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da su bayan shekara ɗari uku.

Garnaɗa ma ta iso nan da ƙafarta. Cikin iyalan da suka ƙetara zuwa Fas akwai na wani yaro, Hasan Al-Wazzan, wanda ya girma ya ratsa Sahara, 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Fafaroma Liyo na 10, ɗan Lorenzo de Medici. Littafinsa da aka buga a Benis a 1550 shi ya fara sanar da masu karatun Turai sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. A Maris 1591 kuma, shekara 99 bayan miƙa makullan Alhamra, rundunar Sarkin Maroko Ahmad Al-Mansur ta kimanin mutum 4,000, da yawansu 'yan asalin Andalus ɗauke da bindigogi, ta fasa mayaƙan Songhai a Tondibi, arewa da Gawo. Kwamandansu Judar Basha haifaffen kudancin Sifaniya ne, daga ƙasar da a dā ke ƙarƙashin Garnaɗa. Jikokin sojojinsa, da ake kira Arma, suna nan a Tumbutu da Gawo har yau.